Fawa-fak Mai Nauyi

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana aka tarar da Ni'imatullahi kwance a ƙasa, a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke bakin babban kanal a Bunkure. Ƙafafunta ba takalmi, hannun rigarta da sauran danshin alwala, kanta ya shige ƙarƙashin teburin kwamfuta. Wata mata da ta zo duba ranar da ruwa zai kai layin gonarta ce ta fara leƙawa. Ihunta ya sa Yusuf mai injin casa, wanda janaretansa ke ba ofishin wuta, ya ruga ya kashe inji. Amma aikin gama ya riga ya gama.

Shekarar Ni'ima ashirin da huɗu. Ita ke buga jadawalin rabon ruwa na gonaki sama da ɗari uku, kuma 'ya ce ga shugaban ƙungiyar, Alhaji Baballe.

Sufeto Hambali ya iso a kan babur da saje ɗaya a bayansa, ya tarar da taro biyu. Ɗaya a ƙofar ofishin, ana salati. Ɗayan a can bakin titi, gaban wani ɗan shagon gyaran kwamfuta, kuma daga can ƙarar duka ke tashi. Can ya fara nufa, don wadda ke ofis ba abin da zai ƙara samunta.

Sun kwantar da Lukmanu mai gyara rub da ciki, sun shimfiɗa hannayensa a kan dakalin siminti. Wani ya take masa wuya, wani yana sauke taɓarya a kan yatsun, a natse, kamar mai daka. Ba 'yan daba ba ne. Manoma ne masu iyali, wasu ma Hambali ya sha bin sahu ɗaya da su a masallaci. A gefe Alhaji Baballe yana tsaye cikin farar riga, bai riƙe ko tsinke ba, yana ta maimaita magana ɗaya.

"Shi ne. Shi ya haɗa mata wutar. Hannun da ya haɗa, shi za a karya."

Sai da saje ya harba bindiga sama taron ya watse. Hambali ya sa aka ɗauki Lukmanu a a-kori-kurar tumatir zuwa asibiti a Kura, da ɗan sanda ɗaya mai gadi. Tun kafin motar ta tashi ogan Hambali ya kira shi a waya, ya ce a rubuta kisa ta hanyar ganganci, a shirya kai yaron kotu da zarar ya iya tsayuwa, gari ya samu ya lafa. Hambali ya ce to. Shekara ashirin da biyu a aiki sun koya masa cewa "to" ba ta hana mutum ya duba.

Bai san kwamfuta ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ko rahoto da biro yake rubutawa. Amma ɗan manomi ne, ya tashi a tsakanin injinan ban-ruwa, ya san abin da hannun ma'aikaci ya taɓa da abin da hannun ɗan karambani ya taɓa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da leda a ƙofa inda kowa ke tuɓe takalmi, sauran kuwa tsuran siminti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba gawar kafin a tafi da ita ta gaya masa akwai ƙuna a tafin hannun dama da kuma tafin ƙafar hagu. Ya fitar da kowa, ya ari testa a wurin Yusuf, ya ce a tayar da inji na minti ɗaya. Da ya ɗora bakin testa a jikin ƙarfen kwamfutar, sai ta kama ja wur. Jikin gaba ɗaya wuta ne. Ya sa aka kashe, ya zare filogi, sannan ya juyo da bayan na'urar.

A saman bayan akwai wani akwatin ƙarfe baƙi mai fanka, inda wayar wuta ke shiga. Sabo dal, har yana ƙyalli. Ramukan sukuru huɗu ne, amma biyu kaɗai aka ɗaura, su ma kawunansu duk sun ciccinye, alamar da bakin wuƙa aka murɗa su. Da ya zare murfin gefe sai ya ga abin da ya riƙe ɗaya ɓangaren akwatin: baƙar roba ce da aka yanko daga tsohon tif ɗin taya, an naɗa ta zagaye uku, an cusa bakinta a ƙarƙashin naɗin ƙarshe. Hambali ya daɗe yana kallon robar nan. Haka ubansa yake ɗaure tiyo a bakin injin ban-ruwa, haka shi ma aka koya masa.

Wayar wutar ita ma sabuwa ce, siririya, filoginta mai ƙafa biyu. Soket ɗin bango kuwa mai rami uku ne, kuma daga jikinsa wata koriyar waya ta bi ta taga zuwa wani rodi da aka kafe a ƙasa a bayan ɗaki. Ya ciro baƙin akwatin da wayarsa ya sa a buhu. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Kafin ya gama aka kira la'asar, ya bi jama'a aka kai Ni'ima makwancinta.

Washegari da safe ya fara da Yusuf, a cikin ƙurar buntun shinkafa.

"Mutane na cewa injinka ne ya turo wuta da ƙarfi."

"Yallaɓai, layi ɗaya ne ya tafi ofis, ya tafi shagon caji, ya tafi wurin mai firji. Ka je ka tambaye su ko ƙwan fitila ɗaya ya mutu."

"Na tambaya. Yaushe kake tayar da inji?"

"Bayan sha biyu, idan shinkafa ta sha rana. Jiya sai wajen ɗaya na tayar."

"Shekaranjiya fa?"

"Ranar kasuwa ba na casa. Kowa ya sani, ofis ma a rufe yake."

"Kafin ranar kasuwa Ni'ima ta yi aiki?"

"Har biyar na yamma. Ta leƙo ma ta ce in ƙara mata minti goma."

Wato har jajiberin kasuwa na'urar lafiya lau take. Ranar kasuwa ba wuta. Washegari, taɓawar farko, ta kashe mutum. Hambali ya cire Yusuf daga lissafi, ya nemi Malam Jamaluddeen, sakataren ƙungiya, wanda aka ce bai ji daɗin yadda yarinya ta zo da na'ura ta karɓe masa aikin jadawali ba.

Jamaluddeen tsohon malamin firamare ne, siriri, mai tabarau, hannunsa sumul kamar bai taɓa riƙe fartanya ba.

"An ce kun yi sa-in-sa da marigayiya."

"Mun yi, bara. Daga baya na ga jadawalinta ya fi nawa, faɗan ruwa ya ragu, na yi shiru."

"Makullin ofis nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Alhaji. Na Alhaji take ɗauka kullum da safe, ta mayar masa da yamma."

"Ranar kasuwa kana ina?"

"Kadawa, wurin bitar iri. Kwana biyu muka yi, makullina yana aljihuna. Mu goma sha ɗaya ne daga nan, tambayi wanda ka ga dama."

"Lukmanu yana da makulli?"

"Ina zai samu? Ko ranar da ya yi gyaran ni na buɗe masa, na tsaya a kansa har ya gama. Sati uku ke nan."

"Me ya gyara?"

"Akwatin wutar ciki ne ya mutu, wanda suke ce wa fawa-fak. Ya sa wani."

"Wane iri?"

"Ruwan toka, na gwanjo, har da ɗan ƙarzuwa a gefe."

"Alhaji yana wurin?"

"A'a, yana Kano ranar. Da ya dawo na gaya masa na hannu aka sa, ya yi ta faɗa, wai an raina ƙungiya."

Hambali ya kira mutum biyu daga cikin 'yan bitar, suka tabbatar. Da hantsi ya tafi gaisuwa gidan Alhaji Baballe.

An shimfiɗa tabarmi tun daga soro har bakin hanya. Alhaji mutum ne da ya yi arziki da awon shinkafa da tumatir, kuma abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne hannunsa. Yakan ɗaga buhu ya faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, in sikeli ya saɓa masa ya ce sikelin ne ya lalace. Yau hannun nan yana riƙe da carbi, idanu sun kumbura. Hambali ya ji tausayinsa har cikin rai. Aka ja shi cikin soro, aka zuba masa shayi daga wata butar lantarki da ke tafasa a lungu, wayarta kakkaura, da ɗan shuɗin salatif naɗe a wuyan filogi.

"Alhaji, Allah ya jiƙanta. Ka yi haƙuri, aiki ne ya sa zan yi tambaya a irin wannan rana."

"Tambayi, Sufeto."

"Me ya sa tun a take ka ce Lukmanu ne?"

"Wa ya taɓa na'urar in ba shi ba? Macuci ne. An ba shi amana ya je ya kwaso mana tsohon abu, duk ya koɗe, ka ɗaga shi ba nauyi sai ka ce fankon ashana. Wannan ne zai riƙe wuta? Na faɗa tun farko ba a ji ba."

"Ranar kasuwa makullinka yana ina?"

"A aljihuna, inda yake kullum."

Hambali ya shanye shayinsa, ya yi addu'a, ya fita. Wata magana ta tsaya masa a rai, amma bai so ya taɓa ta ba tukuna.

A asibiti ya tarar da Lukmanu a gadon ƙarshe, hannaye biyu naɗe da bandeji har gwiwar hannu, an jingine su a kan filo. Da yake ba wuyan hannun da za a sa wa ankwa, a ƙafa aka ɗaura masa ita da ƙarfen gado. Mahaifiyarsa na zaune a ƙasa da kwanon koko. Shekararsa talatin, da mata da 'ya'ya biyu, kuma duk abin da gidan ke ci daga yatsun nan yake fitowa.

Hambali ya zazzage buhun a kan gado. "Ka san wannan?"

Lukmanu ya kalli baƙin akwatin da ido ɗaya, ɗayan ya rufe da kumburi. "Ba nawa ba ne, yallaɓai."

"Kowa haka yake cewa."

"Nawa ruwan toka ne, na cikin kwamfutocin ofis da ake kawowa gwanjo. Wat ɗari uku ne a rubuce, kuma ɗari ukun gaske ne. Wannan me aka rubuta?"

Hambali ya karanto. Wat ɗari bakwai, da hoton zaki ya buɗe baki.

"Ko ɗari da hamsin ba zai ba ka ba. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nawa ake sayar da shi. Ni ko kyauta ba na sa wa mutum."

"Ai kuwa ya fi nauyi. Na ji ana cewa mai nauyi shi ne mai kyau."

"Da can haka ne, don mai kyau cike yake da tagulla da ƙarfen sanyaya. To masu yin na bogi su ma sun ji ana faɗa. Buɗe shi, yallaɓai. Ni ba ni da hannu."

Hambali ya ari sukudireba a wurin mai gyaran wutar asibiti, ya kwance murfin. Cikin kusan fayau yake. Wani ɗan faranti kore ne a tsakiya, bai kai tafin hannu ba, sai wani ƙulli mai rawayan salatif a gefensa.

"Dubi inda wuta ke shigowa," in ji Lukmanu. "Ka ga wurare da aka zana a farantin amma ba komai a kai? Nan ne kayan tace wuta ya kamata su zauna. Duba inda aka rubuta fis."

"Wani ɗan guntun waya ne kawai."

"Shi ke nan, ko me zai faru ba abin da zai yanke. Ja wayoyin nan ka ji, duk roba ce, tagullar ciki ba ta fi gashi uku ba. Yanzu ɗaga farantin. Akwai leda mai kauri tsakaninsa da ƙarfen ƙasa?"

"Babu."

"A nawa akwai. Wancan ƙullin mai rawayan salatif fa, wayoyi nawa suka fito daga jikinsa?"

Hambali ya juya ƙullin. Ya kai girman ƙwan agwagwa biyu, an yi masa siffar nannaɗaɗɗiyar waya, amma ko waya ɗaya ba ta fita daga jikinsa. Gam ne kawai ya riƙe shi, gam ɗin kuma ya saki, ƙullin ya faɗo ya danne gefen farantin har ƙafafun dalmar ƙasansa suka zauna a kan ƙarfe. A wurin akwai baƙin tabon ƙuna. Ya sa wuƙa ya yanke salatif ɗin. Siminti ne, tsuransa, an zuba shi a mazubi ya daskare.

 Mahaifiyar Lukmanu ta miƙo wuya ta kalla, ba ta gane komai ba, ta koma ta zauna.

"Girgizar hanya ce ta sake shi," in ji Lukmanu. "Ko a haka ma da ba ta mutu ba, da an bar wayata. Ni na kafa rodi a bayan ofis, na ja wayar ƙasa. Da filogi mai ƙafa uku, ƙasa wutar za ta bi, abin yankewa na bango ya faɗi, a ce na'ura ta lalace kawai. Wannan mai ƙafa biyun ba ruwansa da ƙasa. Sai ya jira wanda zai taɓa." Ya juya fuskarsa bango. "Na sha gaya mata ta riƙa sa silifas. Ta ce kunya take ji ta shiga da takalmi inda dattawa ke tuɓewa."

"Wayarka wace iri ce?"

"Kakkaura, baƙa. Duk wayar da na sa wa mutum ina naɗa mata shuɗin salatif a wuyan filogi, in rubuta kwanan wata, don kar a musanya a ce tawa ce ta lalace."

Hambali ya ajiye wuƙar a hankali. Ya tuna wayar butar da aka zuba masa shayi da hantsi a soron Alhaji.

Bai tsaya a kan maganar wanda ake tuhuma kaɗai ba. Ya kai akwatin wurin wani tsohon mai gyara a cikin Kura, bai gaya masa komai ba, mutumin ya nuna masa abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙara da tsaki. Daga nan ya wuce wurin oga ya karɓo takardar bincike. Oga ya sa hannu yana ƙunƙuni, ya ce Hambali na neman tayar da garin da ya riga ya kwanta.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha jama'a sun ragu, ya roƙi Alhaji su shiga soro. Ya shigo da Jamaluddeen da liman su zama shaidu, saje ya tsaya a ƙofa. Butar tana nan a lungu. Hambali ya zare wayarta ya miƙa wa liman.

"Malam, karanta mana abin da ke jikin salatif ɗin."

Liman ya karanta kwanan wata. Jamaluddeen ya ce, "Ranar da aka yi gyara ke nan."

"Alhaji, yaya aka yi wayar ofis ta zo gidanka?"

"Wayoyi ai kama suke yi."

"Suna yi. To bari in bi da kai a hankali, inda na yi kuskure ka gyara min. Ka ce min abin da Lukmanu ya sa tsoho ne, ya koɗe, ba nauyi. Gaskiya ka faɗa. Amma ranar da ya sa kana Kano, kuma tun daga ranar abin yana ɗaure a cikin na'ura. Ba mai jin nauyinsa sai wanda ya kwance shi ya ɗaga. Wanda na ciro a na'urar kuwa baƙi ne, sabo, mai nauyi. Ka kwatanta min wanda aka cire, ba wanda ya yi kisa ba."

 Carbin ya tsaya a hannun Alhaji.

"An yi musanyar ne ranar kasuwa, don kafin nan na'ura lafiya take. Ƙofa ba a ɓalle ta ba. Makulli ɗaya yana Kadawa, ɗayan ka ce min da bakinka yana aljihunka. Wanda ya yi aikin ba shi da sukudireba, da wuƙa ya murɗa, sukuru biyu suka gagare shi, sai ya ɗaure da roba, ɗaurin tiyo. Mai gyara ba ya yin haka. Malam Jamaluddeen ko tiyo bai iya ɗaurewa ba. Mai aikin ya ga sabuwar waya a kwalin sabon akwatin, ya ce sabo ya fi tsoho, ya sa ta, ya taho da tsohuwar gida don kar ta yi asara. Ya so ya gwada, ba wuta ranar. Sai ya rufe ofis, da safe ya miƙa wa 'yarsa makulli."

Liman ya ce, "Innalillahi," a hankali.

Saje ya shiga ɗan ɗakin da ke jikin soro, inda ake ajiye taki da maganin feshi. Bai yi minti biyu ba ya fito da kwali mai hoton zaki. A ciki akwai akwati ruwan toka mai ƙarzuwa a gefe. Daga baya, da aka jona shi a Kura, fankarsa ta tashi sumul.

Alhaji ya yi magana yana kallon kwalin, ba da Hambali yake ba.

"Na ɗaga su duka biyun. A hannun nan na ɗaga su. Mai shagon a Kano ya ce in ji da kaina, na ji. Shekara arba'in hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba. Na ajiye tsohon ne in kai taron ƙungiya, in ɗora shi a tebur, kowa ya ɗaga ya ga yadda yaron nan ya cuce mu."

Hambali ya ciro ƙullin simintin daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu. "Ga abin da ka auna."

Alhaji ya rufe hannunsa a kai. 

"Wannan kuskure ne, Alhaji, kotu ce za ta auna shi. Tambayata ɗaya ce. Lokacin da ka tsaya a gaban shagon Lukmanu, ka san kai ka canza?"

Alhaji ya kalli ƙullin da ke hannunsa.

"Na sani."

"Me ya sa?"

"Uwarta tana cikin gida, Sufeto. Da wane baki zan shiga in gaya mata?"

Daga bayan labulen da ya raba soro da tsakar gida aka ji faɗuwar tire da kofuna. Ba wanda ya tashi ya duba. Duk tausayin da Hambali ya shigo da shi shekaranjiya ya neme shi ya rasa. Ya ce wa saje ya sa ankwa, kuma ta ƙofar gaba suka fita da shi.

Kafin la'asar dattawan ƙungiya sun cika harabar ofishin 'yan sanda. Suka ce ƙaddara ce. Suka ce mutumin da ya binne 'yarsa ai Allah ya riga ya hukunta shi, kuma ga lokacin dashe ya zo, ƙungiya ba ta da shugaba. Hambali ya saurare su har suka gama, sannan ya tambaye su wa ya riƙe taɓarya, wa kuma ya take wuya. Nan take kowa ya zama baƙo a garin. Wannan yana gona a lokacin, wancan yana masallaci, wani ma ya rantse ranar bai fito daga gida ba.

Washegari da safe ya tafi Kura da makullin ankwa. Ya durƙusa ya kwance ƙafar Lukmanu da hannunsa, ya gaya masa an janye tuhuma, ya gaya masa wanda ya yi. Lukmanu bai yi murna ba, bai kuma yi zagi ba. Likita ya riga ya ja Hambali gefe a baranda ya faɗa masa abin da aka yi a ɗakin tiyata: ƙasusuwan sun niƙe, an ceci abin da za a iya ceta, kuma bai da yawa.

Yana shirin fita sai ga dattawa uku sun yi sallama, da ledar lemo da ayaba. Su ne baƙin farko daga Bunkure da suka tako ɗakin. Suka yi jaje, suka ce kowa ya ji ba daɗi, sharrin shaiɗan ne. Sannan babbansu, Muhammadu Sani, ya ciro takarda daga aljihu ya warware. An rubuta cewa Lukmanu ya yafe duk abin da aka yi masa don Allah, ba ya neman kowa da komai, yana kuma roƙon hukuma ta saki Alhaji Baballe.

"Mun san ba za ka iya riƙe biro ba yanzu, ɗana," in ji Muhammadu Sani cikin taushin murya. "Shi ya sa muka taho da tawada. Dangwalawa da yatsa kawai za ka yi."

Ya buɗe ɗan gwangwanin tawadar ya ajiye a kan gado. Lukmanu ya kalli gwangwanin, ya kalli dattawan ɗaya bayan ɗaya. Hambali ya ga ya daɗe a kan na tsakiyar, wanda ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago hannayensa biyu daga kan filo, da ƙyar, dunƙulallu cikin bandeji, kowanne ya fi yadda aka kawo shi gajarta.

"Bismillah, Baba," ya ce. "Ku zaɓa a cikin waɗanda kuka bar min."